Farin Gari a 'Yar Kwalba: Tarihin Cinikin Feftayid da Ajiyarsa

Da wuya a buɗe firiza a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a ko cibiyar binciken magunguna ba a tarar da wasu 'yan kwalabe da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kowace da ɗan farin gari manne a gindinta, wani ma sai an ɗaga kwalbar ga haske kafin a yarda akwai abu a ciki. Garin nan shi ake kira feftayid. Gajeriyar sarƙa ce ta sinadaran amino asid, waɗanda iri ashirin daga cikinsu jiki ke jerawa kamar 'ya'yan carbi a zare ya gina furotin. In sarƙar ta yi tsawo sosai a kira ta furotin, in ba ta wuce 'ya'ya hamsin ko kusa da haka ba a kira ta feftayid. Insulin ɗin masu ciwon sukari yana kan iyakar biyun da 'ya'ya 51, oksitosin kuwa, wanda ake yi wa mai haihuwa allurarsa, 'ya'ya tara ne kacal. A yau mai bincike kan rubuta jerin da yake so ya aika wa kamfani, bayan 'yan makonni kaya su iso. Sauƙin ya kai har ana ɗaukar abin kamar sayen gishiri a kanti. Abin da tarihin wannan sana'a na shekara ɗari da ashirin da 'yan kai ke nunawa shi ne wahalar ba ta gushe ba, wuri ta sauya. Da can haɗa feftayid ne jan aiki. Yanzu jan aikin ya koma sanin abin da ke cikin kwalbar da kiyaye shi, kuma nauyin ya tashi daga kan mai haɗawa ya sauka a wuyan mai saye.

A farkon lamarin babu mai saye babu mai sayarwa, domin wanda zai yi amfani da feftayid shi ne zai zauna ya haɗa abinsa. A 1901 Emil Fischer da Ernest Fourneau suka ƙulla amino asid biyu a birnin Balin na Jamus, a shekarar da ta biyo Fischer ya raɗa wa irin wannan sarƙa suna, daga wata kalmar Girkanci mai nufin narkar da abinci. Zuwa 1907 ya kai ga sarƙa mai 'ya'ya 18, amma da iri biyu kawai na amino asid mafiya sauƙin sha'ani. Abin da ya tsaya masa shi ne kowane amino asid hannu biyu gare shi, wasu ma har da na uku, kuma in an zuba su wuri ɗaya kowa sai ya kama wanda ya ga dama. Dole a ɗaure hannun da ba a so ya yi aiki, a ƙulla, sannan a kwance shi ba tare da an tsinka sarƙar ba. Sai a 1932 Max Bergmann da Leonidas Zervas suka samo ɗaurin da ke kwancewa cikin lalama, a wata cibiyar binciken jima da fata da ke Dresden, domin fata ma furotin ce. Duk da haka aikin bai daina cin rai ba. Bayan kowane ƙulli sai an tsarkake abin da aka samu, a mai da shi ƙwayoyi kamar na gishiri, a auna zafin da yake narkewa, kafin a ɗora na gaba. Watanni kan tafi a kan sarƙa ɗaya. Amma a cikin wannan jinkiri akwai wata riba da ba a cika ambato ba: mai haɗawa ya ga kayansa a kowane mataki, ya san abin da ke hannunsa kamar yadda majemi ya san fatar da ya jeme.

Masu neman waɗannan sinadarai daga jikin dabbobi su suka fara cin karo da matsalar amana, tun kafin a iya haɗa su. Bayan gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, sai ya zama zubi ɗaya ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba, a farkon 1922 ma masu aikin suka shafe makonni sun kasa fitar da mai amfani. Ana auna ƙarfinsa ne da yadda yake karya sukarin jinin zomo, alhali zomon wannan gari da na wancan ba ɗaya suke ba, ga bambancin abinci da yanayi. Maganin da aka samo ya samo asali daga Paul Ehrlich, wanda a 1897 ya busar da maganin dafin cutar maƙarau, ya rufe shi a bututun gilashin da aka zuƙe wa iska, ya ce da wannan za a riƙa gwada kowane sabon zubi. Henry Dale na Landan ya bi wannan sawu, a 1925 taron da aka yi ƙarƙashin tsohuwar Majalisar Ƙasashe ya amince da wani busasshen garin insulin a matsayin mudun duniya, ma'auni takwas a kowane miligiram. Tun daga nan darussa uku suka zauna: suna kaɗai ba ya nuna ƙarfi, dole a sami mudun da kowa ya yarda da shi, kuma mudun ba ya daɗewa sai a bushe, a rufe, a cikin sanyi. Duk ƙa'idojin ajiyar da ake bi yau jikokin wannan shawara ne.

Da aka fara haɗa irin waɗanda jiki ke yi, sai haɗawar kanta ta zama shaida. A 1953 Vincent du Vigneaud na jami'ar Cornell a Amurka ya haɗa oksitosin, ya gwada shi da wanda aka tatso daga dabbobi ta kowace fuska, aka ga ba a iya rarrabe su, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1955. Roger Guillemin da Andrew Schally kuwa sun shafe shekaru suna tsere, ɗaya yana tara wani ɗan yanki na ƙasan ƙwaƙwalwar tumaki daga mayanka, ɗayan na aladu. Daga dabbobi dubu ɗaruruwa abin da ake samu bai wuce 'yan miligiram ba, ƙwayar gero ma ta fi shi nauyi. Da suka tsaya a 1969 kan cewa sinadarin da suke nema sarƙa ce mai 'ya'ya uku, abin da ya raba gardama shi ne haɗa irinta da gwada ta kafaɗa da kafaɗa da ta asali. A nan ya kamata a lura da matsayin da feftayid ɗin haɗi ya hau. Ya zama alƙalin da ake kai masa ƙara, da shi ake tabbatar da cewa hasashen mai bincike daidai ne ko kuskure. To in alƙali ya kasance ba shi ne wanda ake zato ba, duk hukuncin da ya yanke ya rushe, har da waɗanda aka gina a kansa.

Wanda ya buɗe ƙofar kasuwa shi ne Bruce Merrifield na cibiyar Rockefeller a birnin Niyu Yok. Shi kansa ya taɓa shafe wata goma sha ɗaya a kan sarƙa mai 'ya'ya biyar ta tsohuwar hanya, abin da ya tsira da shi bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba. A 1959 ya rubuta wata dabara a littafin aikinsa, ya wallafa ta a 1963. Dabarar turke ce. A ɗaure amino asid na farko a jikin 'yan ƙwayoyin roba da ba sa narkewa, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke a share garke ba tare da ta bi shara ba. A zuba na biyu da yawa har ya ƙullu, a wanke ragowar ta bi ta matata, a kwance hannun da aka ɗaure, a zuba na uku, a sake wankewa, haka har ƙarshe, sannan a yanke sarƙar daga turke. Tunda aikin ya koma zuba da wanke, inji ma zai iya, kuma zuwa 1965 shi da John Stewart sun ƙera injin. A 1969 shi da Bernd Gutte suka haɗa wani furotin mai 'ya'ya 124, aikin da ya ci haɗe-haɗe 369 da matakai 11,931 a cikin injin. An ba shi Nobel a 1984, kuma ya cancanta, domin aikin watanni ya dawo na kwanaki, ɗakunan bincike da ba su da gwanin haɗa sinadarai ko ɗaya suka sami hanyar shiga fagen.

Sai dai manyan masu tsohuwar hanya a Turai, irin su Erich Wünsch na Munich, sun yi wa dabarar suka mai zafi, kuma ko da yake tarihi bai bi bayansu ba, lissafinsu bai faɗi ba. Tunda ba a tsarkake komai a tsakiya, duk sarƙar da ta ƙi karɓar ɗa a wani mataki tana nan ɗaure a turke, a mataki na gaba kuma za ta karɓa ta ci gaba da tafiya da giɓi. A ce kowane ƙulli yana yin nasara kashi 99 cikin ɗari, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Bayan ƙulli 50 sarƙoƙin da suka cika kusan kashi 60 ne kawai, bayan ƙulli 100 sun dawo kashi 37. Ragowar kuwa 'yan'uwan na gaskiya ne na jini, wannan ya rasa ɗa ɗaya, wancan an bar masa ɗauri a hannu, wani kuma ɗa ɗaya ya juya kamar hoton madubi. Launinsu ɗaya, narkewarsu kusan ɗaya, a ido duk farin gari ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma babu inda maganar ta fi zama daram kamar nan, domin a cikin jiki sauyin ɗa ɗaya kan mai da mabuɗi abin toshe kwaɗo. Saurin da Merrifield ya kawo an biya shi ne da rasa ganin ido da tsoffin masana ke da shi a kowane mataki.

A wannan yanayi cinikin ya tashi. A 1971 Peter Grogg ya kafa kamfanin Bachem a Liestal ta Siwizalan, wasu kamfanoni suka biyo a Amurka da Japan, aka fara buga kundin kaya kamar na kowane kanti, ga suna ga farashin miligiram. A tsakanin 1970 da 1972 Louis Carpino ya fito da wani sabon ɗauri mai suna Fmoc, wanda daga baya ya raba masu aikin da wani asid mai matuƙar haɗari da ake yanke sarƙa da shi a da, sana'ar ta ƙara yaɗuwa. Abin da ya ceci mutuncin kasuwar shi ne na'urori biyu. Ta farko, wadda ake kira HPLC, ta yaɗu a shekarun 1970, aikinta kamar shiƙa ne: ana tura ruwan kayan ta wani bututu cike da ƙwayoyi, kowane iri ya fito a lokacinsa, na'ura ta zana tudu a takarda, babban tudu na ainihin kaya, ƙananan na tarkace. Ta biyu mai auna nauyin ƙwayar sinadari ce, wadda Michael Barber na Manchester ya sa ta fara karɓar feftayid a 1981, kafin hanyoyin John Fenn da Koichi Tanaka da suka sami Nobel a 2002 su kammala aikin. Daga waɗannan biyu aka haifi takardar shaidar gwaji da ke rakiyar kowace kwalba, mai ɗauke da lambar zubi, da nauyin da aka auna, da kason tsarki.

Mai musu zai ce to ai magana ta ƙare: tunda takarda ta ce tsarki kashi 98, me ya rage wa mai saye ban da ya narka ya yi aiki? Amsar ita ce takardar tana faɗin gaskiya ne a kan tambayar da aka yi mata kawai. Kashi 98 ɗin nan na nufin a cikin abubuwan da na'urar ta iya gani, babban tudu ya cinye kashi 98. Ruwan da garin ya sha ba ya fitowa a zanen, haka ma gishirin asid ɗin TFA da ake yanke sarƙa da tsarkake ta da shi, wanda ke maƙale wa kayan. Shi ya sa gari mai tsarki kashi 98 kan iya kasancewa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ko fiye, ba feftayid ba ne. Wanda ya auna miligiram ɗaya a sikeli ya ɗauka duka kaya ne, lissafinsa ya karkace tun daga tushe, kuma ba zai sani ba sai ya nemi wani awo daban na ainihin yawan feftayid. Gishirin kuma ba ɗan kallo ba ne. A 1999 Jillian Cornish da abokan aikinta a Auckland ta Niyu Zilan suka nuna cewa ragowar TFA, ko da kaɗan ce ƙwarai, tana rage hayayyafar ƙwayoyin halittar ƙashi da na guringuntsi a kwanon gwaji. Ke nan mai bincike zai iya rubuta cewa feftayid ɗinsa na hana ƙashi girma, alhali gishirin da ya zo da shi ne ya yi aikin.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. A 2008 masu binciken rigakafin cutar ƙanjamau a Amurka, ƙarƙashin Jeffrey Currier, suka ba da rahoton cewa jinin wasu mutane ya nuna kamar garkuwar jikinsu ta san ƙwayar cutar, alhali ba haka ba ne. Da aka bi diddigi sai aka tarar feftayid ɗin da aka saya don gwajin ya gauraya da wani na ƙwayar cuta daban mai suna CMV, wadda ke jikin mutane da yawa, kuma gaurayen bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki sun fi na'urar shiƙa kaifin gani, abin da takarda ta yafe su ba su yafe ba. A wannan shekarar kuma masana a jami'ar Ghent ta Beljiyam, ƙarƙashin Bart De Spiegeleer, suka gwada wani feftayid mai suna obestatin daga masu haɗawa biyar, a lokacin da ɗakunan bincike ke ta saɓani kan ko yana rage cin abinci. Suka tarar ɗaya daga cikin kayan ma wani feftayid ne daban gaba ɗaya, da yawa daga sauran kuma ba su kai ingancin da ake bukata ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ba a ce duk saɓanin daga kwalba ya taso ba, amma babu yadda za a yanke hukunci tsakanin masu bincike biyu in ba a tabbatar abu ɗaya suka gwada ba.

Ko da an sayi nagari, saura rabin aiki, wato ajiya. Abin da ya sa kayan ke zuwa a gari shi ne ruwa ne babban abokin gabarsu, domin a cikinsa ne sarƙa ke tsinkewa, ƙwayoyin cuta kuma su samu abinci. Hanyar busarwa cikin daskarewa, wadda Earl Flosdorf da Stuart Mudd suka inganta a jami'ar Pennsylvania a 1935, ta kuma bunƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu wajen busar da ruwan jini da fenisilin, ita ce ta ba cinikin ƙafa: a daskarar da ruwan kayan, a zuƙe iska, ƙanƙarar ta tashi tururi ba tare da ta narke ba, a bar gari mai laushi kamar auduga. Amma wannan laushin shi ke sa shi shan danshi kamar soso. Dubi gogaggiyar ma'aikaciyar ɗakin gwaji in ta ciro kwalba daga firizar da ke digiri 20 ƙasa da sifiri. Ba ta buɗewa nan take, domin ta san zufar da ke karyo wa kwalbar lemo mai sanyi a rana ita ce za ta sauka a kan garin. Sai ta ajiye ta a rufaffen mazubi mai maganin tsotse danshi har ta huce, ta juya ta a inji don garin da ya maƙale a murfi ya sauka, ta auna da hanzari ta rufe. In ta narka, sai ta rarraba ruwan a ƙananan bututu, kowane na aikin rana ɗaya, ta rubuta suna da lambar zubi da kwanan wata, don kada a riƙa narkarwa ana sake daskarewa. Ta san jerin kayanta: mai methionin ko sistin ko tiriftofan iska na ɓata shi, mai asfarajin ko gulutamin kan sauya a hankali cikin ruwa, mai ɗan kaɗan kuma kan manne a bangon bututu ya ɓace.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa, tunda kamfanoni da kansu kan aiko da busasshen gari ba ƙanƙara, ya kwana da kwanaki a hanya bai lalace ba. Wannan gaskiya ne, busasshen gari a rufe yana jure 'yan kwanaki ko makonni, kuma babu dalilin tayar da hankali a kan haka. Haɗarin yana farawa ne daga ranar da aka cire murfi, kuma labarin feftayid ɗin amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, ya isa misali. A farkon shekarun 1990 wasu ɗakunan bincike suka ce yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a kwanon gwaji, wasu suka gwada suka ce ba su ga haka ba, har a 1992 aka wallafa cewa gubarsa na bambanta daga zubi zuwa zubi. Christian Pike da Carl Cotman a Kalifoniya sun nuna cewa wanda aka narka aka bari ya kwana biyu yana cuccurewa, kuma curarren ne ke kisa, sabon narki kuwa bai cika yi ba. Jerin 'ya'yan ɗaya ne, takardar shaida ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne tarihin kwalbar: da me aka narka, kwana nawa ta yi, a wane zafi. Daga nan masu wannan fage suka koyi rubuta yadda suka shirya kayansu dalla-dalla a rahoto. Ajiya ta tabbata wani ɓangare ce na gwajin kansa.

Wannan darasi ya fi shafar ƙasashe masu zafi, kuma shaidarsa na kusa da mu, ko da yake daga ɓangaren magani ta fito. Oksitosin na allura ruwa ne, ana son a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka yi a Najeriya tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka tattara sun faɗi gwajin ƙarfi, kuma zafin hanya da na ɗakin ajiya na cikin manyan abin zargi. Wannan allura ce ake dogara da ita wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Matsalar ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wani ɗan'uwansa mai jure zafi, karbetosin, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya. Abin da zafi ke yi wa maganin asibiti shi yake yi wa kayan bincike a Zariya ko Kano ko Yamai, inda bazara ke haura digiri 40, wuta ke ɗaukewa, firiza ta narke ta sake daskarewa ba wanda ya gani. Za a ce ƙaramin ɗakin bincike ba shi da kuɗin sake gwada kowane zubi, kuma haka ne. Amma mafi yawan kariyar ba ta kuɗi ba ce: a nemi ainihin zanen gwajin zubin da aka aiko, a tambayi yawan feftayid da irin gishirinsa, a bar kaya a gari har ranar bukata, a sa ma'aunin da ke nuna iyakar zafin da firiza ta kai, a gwada sabon zubi da tsoho kafin tsohon ya ƙare. Asarar shekara guda a kan sakamakon ƙarya ta fi duk wannan tsada, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

Akwai wani rubutu a jikin kwalaben da a 'yan shekarun nan aka juya ma'anarsa, wato cewa don bincike kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Asalinsa gargaɗi ne na gaskiya. Yana nufin ba a haɗa kayan ƙarƙashin ƙa'idojin masana'antar magani ba, ba a yi alkawarin babu ƙwayoyin cuta ko dafinsu mai kawo zazzaɓi ba, babu hukumar da ta duba. Sai wasu 'yan kasuwar intanet suka mai da shi mayafi, suna sayar wa masu neman rage ƙiba ko ƙarin ƙwanji, mai saye kuma ya ji kalmar bincike ya ɗauka daraja ce ta sama da ta kantin magani. Abin ya yi ƙamari a wasanni, inda a 2016 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar Essendon ta Ostareliya kan wani feftayid da aka haramta, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta wani feftayid mai suna BPC-157 daga 2022, a ƙarshen 2024 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu masu sayar da feftayid ɗin semagulutayid da makamantansa da wannan lakabi takardun gargaɗi. Duk abin da ya gabata a tarihin nan hujja ce a kan wannan ɗabi'a. In masana masu na'urori sun sayi kwalba suka tarar da wani abu daban a ciki, wanda ba shi da komai sai sirinji cinikin biri a sama ya yi, kuma jikinsa ne ya zama kwanon gwaji.

Fischer ya san kayansa domin ya gan su a kowane mataki. Dale ya rufe mudunsa a gilashi domin ya san suna ba ya riƙe ƙarfi. Merrifield ya sauƙaƙa haɗawa, na'urorin shiƙa da awo suka dawo da wani ɓangare na ganin da aka rasa, amma sun dawo da shi ne zuwa ranar da kwalba ta bar kamfani kawai. Daga wannan rana babu mai ba da shaida a kanta sai wanda ya karɓa. Saboda haka ina ganin lambar zubi, da sunan mai haɗawa, da yadda aka narka aka ajiye, sun cancanci gurbi a rahoton bincike daidai da sakamakon, kuma ɗalibin da ake koya wa sarrafa na'ura ya kamata a fara koya masa jiran kwalba ta huce kafin ya buɗe. Wanda zai karanta rahoton a wata ƙasa ba zai taɓa ganin garin ba, likitan da zai gina magani a kansa ma haka, balle majinyacin da zai sha. Dukansu sun dogara ne da abin da wani ya rubuta da alƙalami a jikin ƙaramin bututu, da kuma ko ya faɗi gaskiya game da daren da wuta ta ɗauke.